Zangon dare tun da safe ake zaɓarsa: magana kan hanyar Abuja zuwa Jos

Matuƙan jiragen ruwa masu bin gaɓar teku ba sa jiran rana ta faɗi kafin su san inda za su kwana. Tun da hantsi suke zaɓar lungun da tudu zai kare su daga iska, inda ƙasan ruwa zai riƙe ƙugiyar jirgi, kuma akwai mafita idan dare ya zo da wani hali. Sukan ware wuri na biyu, ko da na farkon zai gagara. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ma haka suka yi: aikin madugu ne ya san zango, ya kai ayari da sauran haske.

Wannan hikimar ce ta ɓace wa ofisoshinmu, kuma babu inda rashinta ya fi fitowa fili kamar hanyar Abuja zuwa Jos. Ma'aikatan tarayya ba sa rabuwa da ita: wannan zai je Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru, wancan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wani kuma hedikwatar ITF. A takarda tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce. A zahiri, taron da aka sa ƙarfe goma yakan fara bayan azahar, cunkoson Nyanya da Mararraba ya cinye nasa rabon, sai magariba ta riski mutum tsakanin Akwanga da Gwantu, ga Hawan Kibo na jiransa da kwanoninsa da manyan motocin da birki kan ci amanarsu, ga hazo in lokacinsa ne.

Haɗarin mota ba shi kaɗai ba ne. A watan Yunin 2025, 'yan ɗaurin aure da suka taso daga Zariya suna neman Qua'an Pan sun ɓace hanya da dare a yankin Mangun na ƙaramar hukumar Mangu, aka far musu, aka kashe fiye da goma. Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓace ranar 3 ga Satumba, 2018, a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi, kwana ɗaya bayan wani hari da aka kai a yankin Du. Daga baya aka ciro motarsa daga wani tsohon kududdufin haƙar kuza. Laifin kisa yana wuyan masu kisa, babu wanda zai ɗora shi a kan matafiyi. Sai dai abin lura shi ne, a Filato hanyar da take lafiya jiya tana iya rikiɗewa yau, kuma baƙon da bai tambayi 'yan gari ba shi ne na ƙarshe da zai ji labari.

Me ya sa ake ci gaba da tafiyar dare? Ba jahilci ba ne, lissafi ne. Alawus ɗin kwana kan fito bayan an dawo, in ya fito, don haka ma'aikaci ya gwammace ya kwana a gidansa kuɗin ya zama riba. Maigida kuwa yana da ganawa da safe. Direba, wanda ya fi kowa sanin hanyar, wanda kuma yake kan sitiyari tun asuba, ba a tambayarsa, in ya yi magana, iyakarta "Ranka ya daɗe, dare ya yi," a amsa masa da "Allah zai kiyaye." Ko an kwana ɗin ma, sau da yawa a cikin mota yake kwana, a sanyin Jos na Disamba da ke ratsa ƙashi, a wayi gari a miƙa masa rayukan mutum huɗu.

Ra'ayina shi ne a mayar da wurin kwana wani sashe na takardar izinin tafiya, daidai da lambar mota da kuɗin mai. A rubuta lokacin tashi, masaukin da za a sauka, da madadinsa. Wanda la'asar sakaliya ta tarar bai wuce Akwanga ba, ya kwana nan. Wanda taro ya riƙe a Kuru har yamma, ya koma masaukinsa a Jos ko Bukuru. Masaukin kuwa a zaɓe shi da idon matuƙi: kusa da babban titi, mai katanga da mai gadi, wanda ba sai an ratsa unguwar da ba a sani ba kafin a kai gare shi, domin Jos ta sha ganin dokar hana fita ta sauka cikin 'yan awoyi, kamar a watan Agustan 2021. Kuɗin ɗakin direba da na hadimi a biya kafin tashi, kai-tsaye.

Za a ce kasafin ma'aikatu ba zai ɗauka ba. Wataƙila. Amma ofishin da ya iya sayen man zuwa da dawowa, ya biya zauren taro da abincin rana na mutum hamsin, da wuya a yarda cewa ɗakuna biyu a Akwanga ne za su karya shi.