Neman tsarin kira mai rahusa: Kada talakan Gwarzo da Kabo ya sayi araha da tsada

Tun daga ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin wayar salula su ƙara kuɗin kira da na saƙo da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, katin waya ya shiga jerin abubuwan da magidanci ke lissafawa kafin ya fita daga gida, tare da cefane da kuɗin mota da na makarantar yara. Kamfanonin sun nemi a ninka farashin ne baki ɗaya, hukumar ta ba su rabin abin da suka nema, Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ta yi ta kumfar baki, amma daga ƙarshe ƙarin ya zauna da gindinsa. Saƙon tes da ake aikawa a kan Naira 4 ya koma Naira 6, kuɗin kira da na data su ma suka yi sama.

Ba abin mamaki ba ne da jama'a suka shiga neman mafita, kowa na cigiyar tsarin kiran da ya fi sauƙi domin ya koma kansa. A ra'ayinmu wannan dabara ce mai kyau, kuma haƙƙi ne na duk mai layi. Sai dai akwai tambayar da ya kamata a tsaya a yi: shin manomin Getso ko Kutama ko Lakwaya, da mai ƙosai a Garo ko Gude, suna da hanyar da za su gane wane tsari ne mai rahusa na gaskiya, wane ne kuma aka shafa wa zuma a baki? Amsar da muke gani ita ce a'a, kuma a nan gizo ke saƙar.

Yana da kyau a tuna inda aka fito. Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka, kowane a kan Dala miliyan 285, sannan a watan Agustan wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A wancan zamani layi kaɗai yakan kai Naira 20,000, alhali mafi ƙarancin albashi bai kai Naira 8,000 ba. Kira kuwa Naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai mutum ya yi layin ya katse, sai an cire masa kuɗin minti cur. Kamfanonin suka dage cewa lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu nan kusa ba. Da Glo ya shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa, kuma masu waya suka kashe wayoyinsu na yini guda a ranar 19 ga Satumbar wannan shekara domin nuna fushinsu, sai ga abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu cikin 'yan watanni. Darasin a fili yake: farashin waya bai taɓa sauka don tausayi ba, gasa ce da wayewar mai saye suke sauko da shi.

Zuwa ƙarshen 2024 layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150, kuma waya ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan aiki. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Gwarzo na da mutum fiye da 180,000, ta Kabo kuma fiye da 150,000, balle yau da aka ƙara hayayyafa. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa. Da waya mai hatsi ke jin yadda buhun masara ya kwana a Dawanau kafin ya yanke wa nasa kuɗi a kasuwar Getso. Da ita mai noman rani ke neman motar da za ta kwashe masa tumatir kafin ya ruɓe. Da ita ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal ke sanar da mahaifiyarsa cewa ya turo ɗan abin cefane, ta aika a karɓo wurin mai POS. Da ita ake kiran mota cikin dare idan naƙuda ta zo da gardama, a kai mace Babban Asibitin Gwarzo. Ɗaliban da ke karatu a Kabo kuwa, karatunsu ba ya tafiya sai da data. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan waya haka, duk kwabon da aka cire masa ba bisa saninsa ba, daga tukunyar gidansa aka ɗebe shi.

To, ta yaya mai neman araha ke ƙarewa da sayen tsada? Hanya ta farko ita ce garaɓasa. Za a ce wa mutum idan ya sa katin Naira 500 za a ninka masa sau huɗu ko sau biyar, sai ya ga dubbai a fuskar wayarsa ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Abin da ba a cika faɗa masa da babbar murya ba shi ne, irin wannan tsari yakan zo da kuɗin daƙiƙa mai tsada, kuɗin garaɓasar kuma yakan ƙone da sauri fiye da na ainihi, sannan yana da wa'adin 'yan kwanaki, idan ya wuce ya bi ruwa. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bari mu buga misali da lissafi mai sauƙi. A ce wani tsari yana cire kwabo 23 a kowace daƙiƙa, wani kuma kwabo 40. Na farko ya kama Naira 13 da kwabo 80 ke nan a minti, na biyu Naira 24. Mutumin da ke kiran minti 10 a kullum zai kashe Naira 4,140 a wata a kan tsarin farko, amma Naira 7,200 a kan na biyu. Bambancin Naira 3,060 ne a wata, fiye da Naira 36,000 a shekara. Kwabo 17 da ba wanda zai sunkuya ya ɗauka a ƙasa, ga inda ya kai. Wannan kuɗi ne da zai rage wa manomi nauyin taki, ko ya ɗinka wa yara kayan Sallah.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na kullum, ko minti na farko mai tsada. Akwai tsare-tsaren da rahusarsu ba ta fara aiki sai mutum ya biya wani abu a kiran farko na yini. Wannan yana yi wa dillali mai kira daga safe zuwa dare daɗi, amma ga tsohuwar da ke kiran 'yarta na minti ɗaya bayan sallar Magariba, kullum a farashi mai tsada take tsayawa. Hanya ta uku ita ce sayen data da ɗan kaɗan-kaɗan. Mai hali yana sayen ta wata guda a dunƙule, mara hali yana sayen ta yini ko ta mako, wadda idan aka auna ta fi tsada, kamar dai yadda mai sayen shinkafa gwangwani-gwangwani yake biyan abin da ya fi na mai sayen buhu. Ta huɗu ita ce rancen kati, inda aka saba cire wa mutum kusan kashi 15 cikin 100 tun kafin ya kira kowa. Ta biyar kuwa su ne waƙoƙin jiran kira da saƙonnin wasanni da mutum ke tsintar kansa a ciki bai san ranar da ya shiga ba, ana yi masa ɗauki ɗai-ɗai. Ƙari a kan haka, tun daga Yunin 2025 kuɗin aika kuɗi ta lambobin banki, Naira 6 da kwabo 98 a kowane zama na daƙiƙa 120, daga katin waya ake cire shi. Idan aka tattara, sai a ga cewa wanda ya fi kowa talauci shi ne ya fi kowa biyan tsada a kan minti guda.

Akwai kuma maganar sabis, wadda ta fi duk waɗannan. A birnin Kano mutum na iya zaɓar layin da ya ga dama, domin duk suna kamawa. A ƙauyukan da ke nesa da babban titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi kuwa, sau da yawa layi ɗaya ne ke kamawa sosai, wani lokacin ma sai an fita bayan gari ko an hau tudu. Tsari mai rahusa a kan layin da ba ya kamawa ba shi da maraba da rijiya mai zurfi ba guga. Shi ya sa ake ganin talaka da layi biyu ko uku a waya ɗaya, yana ciyar da kowanne. Jama'ar wannan yanki, da ke maƙwabtaka da Jihar Katsina, sun ga abin da ya faru a 2021 lokacin da aka rufe sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, suka ga yadda kasuwanci da zumunci suka tsaya cik. Ba sai an yi musu dogon bayani kan muhimmancin turken sadarwa ba.

Adalci ya sa mu faɗi cewa kamfanonin ma suna da nasu kukan. Kafin 2025, rabon da a yi babban gyaran farashi tun 2013. A tsakanin nan man dizal da ake kunna injinan turaku ya yi tashin gwauron zabo, darajar Naira ta faɗi warwas daga 2023, ɓarayi na sace batura, masu aikin hanya na tsinka wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin MTN na Nijeriya ya bayyana asarar kimanin Naira biliyan 400 a 2024. Amma a 2025, bayan ƙarin, ya koma cin riba. Tunda sharaɗin da aka gindaya wa ƙarin shi ne a inganta aiki, mutanen karkara da suka biya nasu kason suna da ikon tambayar ina nasu rabon.

Ba za a ce hukumar NCC ta naɗe hannu ba. A Afrilun 2013 ta ƙaddamar da tsarin ƙaura da lamba, wanda ya ba mutum damar barin wani kamfani ya koma wani ba tare da ya rasa lambar da aka san shi da ita ba, kuma kyauta. A 2016 ta fito da lambar 2442 ta hana saƙonnin talla. A 2023, zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Ɗambatta, ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya: 310 don duba kuɗi, 311 don sa kati, 312 don sayen data, 305 don dakatar da abin da mutum bai nema ba, 300 don magana da kamfani. A 2024, ƙarƙashin Dokta Aminu Maida, ta umurci kamfanoni su rage yawan tsare-tsarensu, kada kowanne ya wuce bakwai, kuma su bayyana farashi ƙarara. Akwai kuma lambar 622 ta kai ƙara kyauta idan kamfani ya ƙi sauraren mutum. Duk waɗannan matakai ne masu kyau. Matsalar ita ce kusan duk bayanansu da Turanci suke, a shafukan intanet. Dokar da wanda aka yi ta dominsa bai san da ita ba, kamar fitila ce a cikin tulu.

Don haka muna kira ga hukumar NCC da ta wajabta wa kamfanoni bayyana kuɗin kowane tsari da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, a rubuce da kuma ta murya, saboda waɗanda ba su yi boko ba, kuma a faɗe shi da Naira a minti, ba da kwabo a daƙiƙa ba, tunda kwabo ya daɗe da ɓacewa daga hannun jama'a. Ta kuma fito da jadawalin kwatanta farashi a riƙa karanta shi a gidajen rediyon Kano, sannan ta kai tarukanta na sauraren koken jama'a garuruwa irin su Gwarzo da Kabo a ranar kasuwa, maimakon ɗakunan taro na otal-otal. Asusun samar da sadarwa ga kowa, wanda Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanada domin yankunan da kamfanoni ke gudu, ya kamata a ga aikinsa a waɗannan ƙauyuka, kuma wakilan yankin a majalisun jiha da na tarayya su bi sawu.

Su kuma kamfanoni su sani cewa cinikin da aka gina a kan rashin sanin mai saye ba ya ɗorewa. Masu sayar da kati da masu cajin waya, waɗanda su ne malaman waya a ƙauye, su ji tsoron Allah su faɗa wa jama'a gaskiya, kada su tura dattijo kan tsarin da bai dace da shi ba. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu da hakimai da dagatai na iya haɗa kai da ƙungiyoyin matasa da ɗalibai wajen wayar da kai, domin aiki ne da ba ya cin kuɗi.

Ga mai waya kuwa, shawararmu ita ce kada ya yi gaggawa. Ya fara sanin tsarin da yake kai. Ya duba kuɗinsa, ya yi kiran minti ɗaya, ya sake dubawa, nan take zai ga gaskiyar farashi. Ya auna ko shi mai yawan kira ne ko mai yawan data. Ya tambayi maƙwabta layin da ke kamawa a unguwarsu da gonarsu. Ya sani cewa wasu kamfanoni kan cire kuɗi idan aka sake sauya tsari kafin wata ya cika, kuma mai ƙaura zuwa wani kamfani ya cinye katinsa tukuna, domin ragowar ba ta binsa. Sannan kada ya miƙa lambar sirrin bankinsa ko ta katin ɗan ƙasa ga duk wanda ya kira shi da sunan zai mayar da shi tsari mai araha, domin 'yan damfara sun daɗe da gano wannan ƙofa.

A 2003 masu waya sun nuna cewa idan suka farka, kamfani na saurare. Abin da ya rage shi ne wannan farkawa ta isa karkara, inda kowace Naira ke da aikin da ke jiranta. Matambayi dai ba ya ɓata.