KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI



Ran Asabar ɗin da ta wuce da daddare muna zaune a teburin wani mai shayi a nan Nyanya, gefen babbar hanyar nan da ta tashi daga Abuja ta nufi Keffi, muna jiran a fara ƙwallon Turai, sai yaron mai shayi ya murɗa talabijin ya faɗa wata tasha da ta sa kowa ya ajiye kofinsa. Karnuka ne fiye da goma aka ɗaura bibbiyu a igiya guda, suna jan wani abin hawa marar ƙafafu yana zamewa bisa dusar ƙanƙara, ga mutum guda tsaye a baya ya duƙunƙune cikin riguna. Jim kaɗan sai aka nuno taron jama'a, an ɗauko kare an rataya masa furanni a wuya, ana ta tafi. Nan fa aka bushe da dariya, har wani ya ce lallai Turawa sun rasa abin da za su yi da kuɗi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, watau wani dattijo da ke aikin gadi a unguwarmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana yaron doki a bargar wani attajiri. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, su dai waɗannan sun san wanda ya yi gudun. Ni na shekara ashirin ina yankan ciyawa da kwasar kashin doki. Dokin da na yi kiwo ya ci kofi har sau uku, amma ba a taɓa kiran sunana a lasifika ba. Rabona shi ne in riƙe linzami a ɗauki maigida hoto." Na ce, "Baba, ko tukwici?" Ya ce, "Ran da aka tuna."

Wannan magana ta hana ni sakat, ita ce kuma ta sa na bi diddigin wasan da muka gani, domin mu auna shi da namu.

Sunan gasar Iditarod, ana kuwa yin ta kowace shekara cikin watan Maris a Alaska, jihar Amurka da ke can ƙuryar arewa. An fara ta cikin 1973 bisa ƙoƙarin wani mutum mai suna Joe Redington, wanda ya ga injuna na neman kashe al'adar tafiya da karnuka. Tsawon tseren ya kai wajen mil 1,000, ana buɗe shi a birnin Anchorage, a ƙare a garin Nome da ke bakin teku. Wanda ya ci na farko, Dick Wilmarth, kwana 20 ya yi a hanya, amma gwanayen yanzu kwana takwas zuwa goma ya ishe su. Mata da maza tare suke karawa. Libby Riddles ce macen da ta fara ci cikin 1985, Susan Butcher ta ci sau huɗu, sa'an nan cikin 2024 Dallas Seavey ya ci karo na shida.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka tsara taro da kyaututtuka. Kafin a tashi akan yi babbar liyafa a Anchorage, inda kowane mai tsere ke zaro lambarsa ta tashi a gaban jama'a, masu sha'awar wasan kuma su sayi tikiti su shiga su gaisa da gwanayensu. Ran Asabar ta farko a watan Maris akan yi tashin biki na mil 11 cikin gari, a yi gwanjon kujerar da ke kan abin hawan kowane mai tsere, wanda ya fi tayi shi ne zai hau, kuɗin kuwa su shiga asusun gasar. Washegari ake soma tseren gaske. In an gama sai a sake wata liyafar a Nome a raba kyaututtuka.

Ban da kuɗin da na ɗaya ke samu, akwai kyautar ƙwayoyin zinariya ga wanda ya fara isa rabin hanya. Akwai Ragamar Zinariya, wadda ake ba karen da ya fi iya jan gaba, masu tseren ne kuwa da kansu ke zaɓensa. Akwai Jar Fitila ta wanda ya zo na ƙarshe, domin shaidar cewa bai sare ba. Wanda ya zo ƙarshe a tseren 1973 kwana 32 ya yi. Sa'an nan akwai wadda likitocin dabbobi ke bayarwa ga wanda ya fi kula da lafiyar karnukansa alhali yana cikin na gaba-gaba, ana kiranta da sunan Leonhard Seppala.

Wannan suna yana da labari. Cikin Janairun 1925 cutar mashaƙo, irin wadda ta addabi Kano da wasu jihohinmu cikin 2023, ta ɓarke a Nome, teku ya daskare, jirgin ruwa ba shi da hanya. Aka kawo maganin a jirgin ƙasa zuwa Nenana, daga nan mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna shi har mil 674, cikin kwana biyar da rabi. Seppala da karensa Togo su ne suka yi tafiya mafi tsawo da haɗari. Amma da yake wani kare mai suna Balto ne ya shiga gari da maganin, shi duniya ta sani, shi aka yi wa mutum-mutumi a birnin New York. Da aka gama cin kasuwar sunansa sai aka sayar da shi da 'yan'uwansa ga masu nuna dabbobi a Los Angeles, suka shiga wahala, har sai cikin 1927 da mutanen birnin Cleveland suka tara kuɗi suka fanshe su. Ashe ko a can ma an yi zamanin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bambancin kawai shi ne sun waiwaya sun gyara wani abu.

To, mu dawo gida. Mu mutanen doki ne tun kaka da kakanni. Hawan Sallar Kano ya shiga kundin al'adun duniya na hukumar UNESCO cikin Disamban 2024. Dandalin Murtala na Kaduna da Dandalin Tafawa Balewa na Ikko duka filayen sukuwa ne a da. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. A Kaduna ana karawa a kan kofin Georgian, wanda kowane ɗan wasa ke burin ɗauka, nan Abuja ma akwai filin ƙwallon dawaki na dakarun tsaron fadar Shugaban Ƙasa a Asokoro, 'yar tafiya kaɗan daga Nyanya. In kuwa ana babbar sukuwa a Arewa, har daga Nijar da Chadi da Kamaru akan kawo dawaki. Kamfanoni sun shigo, bankuna da na sadarwa, suna liƙa tutocinsu suna sa kyaututtuka, wani ma ya haɗa wasan da taimakon yara, kamar gasar da bankin Access ke ɗaukar nauyi tare da UNICEF a filin Fifth Chukker kusa da Kaduna. Wannan abin yabo ne, yaba kyauta kuwa tukwici.

Amma duk wanda ya taɓa halartar rufe irin wannan taro ya san yadda akan yi a wurare da yawa. Na je wani a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. An kafa rumfa mai sanyi ta manyan baƙi, an yi jawabi har bakwai, an kira wakilin kamfani ya miƙa kofi, an kira mai doki ya karɓa. Yaron da ya hau dokin, wanda ya sa ransa a tafin hannu, yana can bayan igiya yana goge gumi. Wanda ya kwana yana tashi tsakar dare domin ba dokin harawa da dusa da kanwa yana tsugune a rana yana neman inda zai sami ruwan da zai ba dabbar. 'Yan kallo kuwa, waɗanda su ne suka cika filin har kamfani ya ga dalilin kawo tutarsa, da bulala ake mayar da su baya.

Kada a ɗauka ina nufin mai doki bai yi kome ba. Shi ya sayi dokin, shi ke sayen dawa da magani cikin wannan tsadar, shi ke asara in ƙafa ta karye. Haƙƙinsa ne a kira shi. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda kuma ya taya ka ɗauka bai kamata a manta da shi ba in an shiga inuwa. Ai mu ne masu al'adar tukwici, wadda ta ce ko ɗan aike yana da rabo a cikin alheri. A fadojinmu Shamaki, mai kula da barga, sarauta ce sukutum. Addininmu ma ya koya mana cewa an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, an kuma azabtar da wata saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Saboda haka kyautar kula da dabba ba baƙon abu ba ne da za a ce mun aro daga Alaska.

Akwai kuma wani darasi da ya shafi kamfanoni. Kuɗin kamfani baƙo ne, yakan kwana ya tashi. Gasar Alaska ta ɗanɗana wannan. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi, musamman PETA, sun daɗe suna sukar ta saboda mutuwar karnuka a hanya, ko a tseren 2024 karnuka uku sun mutu. Kamfanin jiragen sama na Alaska Airlines, wanda ya shekara fiye da 40 yana tare da su, ya janye cikin 2020, ko da yake ya ce sauyin tsarinsa ne dalili. Kamfanin mai na ExxonMobil ya bi baya cikin 2021. Ga kuma tsadar abincin karnuka, har ta kai cikin 2023 mutum 33 kacal suka shiga tseren. Wannan fa gasa ce mai likitocin dabbobi a kowane zango, mai dokar hutun dole na awa 24 da wasu biyu na awa takwas-takwas. In har mai wannan tanadi bai tsira ba, ina ga wanda ke sa doki sukuwa da tsakar rana ba tare da likita ya duba shi ba? Yanzu kowane yaro yana da waya mai ɗaukar hoto. Ran da aka ɗauki doki ya faɗi matacce a ƙarƙashin tutar wani banki, duniya ta gani, ran nan bankin zai naɗe tutarsa.

Don haka ga 'yar shawarata ga masu shirya sukuwa da ƙwallon dawaki, da kamfanonin da ke taimakonsu.

Na farko, a sa kyauta ta musamman ga dokin da ya fi samun kulawa, likitan dabbobi ya zama alƙali, kuɗin kuwa a damƙa su hannun yaron doki a gaban jama'a, a kira sunansa da na garinsu. Ba mu rasa masana ba: ga sashen koyon likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda ke nan tun 1924.

Na biyu, kafin a buɗe gasa a rubuta rabon mahayi da na yaron doki daga cikin kowace kyauta, kowa ya sa hannu, domin kada abin ya zama sai ran da aka tuna. A kuma yi tanadin kuɗin jinya ga mahayin da ya faɗi ya ji rauni.

Na uku, kada a bar doki ya shiga fage sai likita ya gwada shi, a tanadi ruwa da inuwa a bayan fili kamar yadda ake tanadar wa manyan baƙi, a guji tsere da tsakar rana a lokacin bazara. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, kamfanin da zai shigo a nemi ya yi alkawarin shekaru uku ko biyar, ya kuma keɓe wani abu daga kuɗin rumfa da liyafa domin allurar dawaki da gyaran fili. Wannan ya fi amfanar sunansa a kan tutar da iska za ta yage cikin mako guda.

Na biyar, a tuna da 'yan kallo. A keɓe rana guda da za a buɗe barga, iyaye su kawo 'ya'yansu su ga dawaki kusa da kusa, su gaisa da mahaya. Yara nawa ne aka haifa a Nyanya da Karu da Mararraba, 'ya'yan Hausawa, waɗanda sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila amma ba su iya bambanta akawal da kili, ba su san likkafa ba balle ƙaimi? Waɗannan su ne masu kallon gobe, in ba su kuwa kamfani ba shi da wanda zai yi wa talla.

Na koma wurin dattijon nan na karanta masa abin da na rubuta kafin in miƙa wa edita. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka ƙara da na wanda ya zo ƙarshe. Yaron da dokinsa ya gaji amma ya lallaɓa ya kawo shi gida lafiya bai ƙarasa shi da bulala ba, wannan mahayi ne." To, ga shi na ƙara, Baba.

Masu dawaki da mahaya da yaran barga da ke karanta wannan fili, ƙofa a buɗe take, ku rubuto mana yadda abin yake a garuruwanku. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, mutum ne ko dabba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.