Kafin A Sayar Da Saniyar Huɗa Saboda Katin Kwamfuta

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga kasuwar Dambatta, yayana ya biyo ta shagona da ɗansa a bayan babur. Yaron bana ya gama sakandare, kuma tun yana firamare ba shi da zance sai na jirgin sama. In jirgi ya gifta ta saman gona ya nufi Kano, ajiye fartanya yake yi ya bi shi da kallo har ya ɓace. Yaya ya zauna a benci ya ce min, "Kai ne ka san harkar nan. Yaron nan ya ce akwai wani ƙarfe da ake saka wa kwamfuta, ta riƙa koya masa tuƙin jirgi, wai kuɗinsa ya haura miliyan. Ni dai ka san shanun huɗar nan biyu su ne dukiyata. In abin kirki ne in sayar da ɗaya, in kuma shirme ne ka gaya min gaskiya."

Na ce masa, "Yaya, abin ba shirme ba ne, amma kar ka taɓa shanun nan." Na ga ya dace in rubuta dalilina a nan, don na san ba gidanmu kaɗai ake wannan muhawara ba.

Ƙarfen da yaron yake nufi shi ne katin hoto, wanda masu gyara suke kira girafik kad. Shi ne yake zana duk abin da kake gani a fuskar kwamfuta. Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi kuwa tana ba shi wahala sosai, domin a cikin kowace daƙiƙa sai ya zana gajimare da ƙasa da gidaje da agogunan gaban matuƙi sau da yawa. In katin ba shi da ƙarfi, hoton ya riƙa tsinkewa kenan.

Masu cewa ai wasan yara ne, ina ganin ba su zauna sun kalla ba. Yaron da ya ɗauki ƙaramin jirgi Cessna 172 a cikin manhajar, ya rubuta DNKN, wato lambar filin jirgin Malam Aminu Kano, ya tashi ya nufi DNZA ta Zariya, dole ya koyi karanta agogon gudu, da na nisan jirgi daga ƙasa, da kamfas, da taswira. Dole ya yi lissafin mai da iska. Dole ya saba da Turancin da matuƙa suke yi da hasumiya. Ko a makarantun koyon tuƙin jirgi na gaske, da na'urar kwaikwayo ake horar da ɗalibai, sai dai tasu ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Kuma mu Kanawa ba baƙin jirgi ba ne. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964 aka kafa ta. Ga Azman da Max Air da Rano Air, duk na mutanenmu ne. To don ɗan manomi daga Dambatta ko Makoɗa ko Kunci ya ce shi ma yana so, ai bai yi sabo ba.

Inda matsalar take shi ne wajen wanda yake ba yaran shawara. A YouTube suke ganin Bature zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba ya ƙarewa, yana cewa in ba RTX 4090 ba ɓata lokaci ne. Wannan katin da ya fito a 2022 dala 1,599 aka sa masa. A lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance ma ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle bayan an saki naira a 2023 har dala ta haura 1,500. Ku buga lissafin da kanku, ya wuce naira miliyan biyu, kati kawai, ba a yi maganar sauran kwamfutar ba.

Amma ni ko kyauta aka ba ɗan yayana wannan katin, sai na ce ya sayar. Dalili kuwa wuta. Katin shi kaɗai yana jan wat 450. In ka haɗa da sauran kayan ciki da allo, kana maganar wajen wat 700. Batirin inbata na 200Ah mai bolt 12 da yawancinmu muke da shi, abin da yake ɗauka a lissafi wat 2,400 ne na awa ɗaya, kuma in kana son ya yi maka ƙarko rabi kawai za ka riƙa sha. Kenan ko awa biyu ba za ka yi ba batir ya durƙushe. In ka ce janareto, tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. Wutar layi kuma, wanda ya ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, kwana da kwanaki, ba sai an yi masa bayani ba.

Yanzu ka kwatanta da GTX 1650, mai giga 4, wanda yake jan wat 75 kacal, ko RTX 3050 mai giga 6 da yake jan wat 70. Yawancin irin waɗannan ba sa buƙatar a jona musu wata wayar wuta daban. Duk kwamfutar da allonta ba za su wuce wat 200 da wani abu ba, wato batirin nan dai zai kai ka awa biyar. Kuma akwai masu gajeren jiki a cikinsu da suke shiga tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake kawowa kwance, waɗanda akwatin wutarsu ƙarami ne. Shi ya sa nake cewa a ƙauye tambayar farko ita ce wat nawa katin yake ci, sannan a zo kan farashi.

Wanda yake da sola mai ɗan ƙarfi da akwatin wuta mai kyau, zai iya hawa mataki na gaba: GTX 1660 Super mai giga 6 da wat 125, ko RX 6600 mai giga 8 da wat 132. A ganina RX 6600 nan ne iyakar abin da ya dace mai matsakaicin hali ya nema. RTX 3060 mai giga 12 yana da kyau, amma wat 170 ne, kuma kuɗinsa ya fara shiga gonar abincin gida.

Sai maganar manhajar kanta, domin ita ce take yanke irin katin da kake buƙata. Microsoft Flight Simulator na 2020 shi ne mai kyan hoton da yake ruɗar yara. Kamfanin da kansa ya ce mafi ƙarancin katin da zai ɗauke shi GTX 770 ne ko RX 570, kuma a tanadi gurbin giga 150. Sauke shi kaɗai zai cinye data fiye da giga 100, sannan kyawun ƙasar da kake gani daga intanet yake janyo shi kana cikin tafiya. Na 2024 ya ma fi dogara da intanet. Mu da sai an fita bayan gida an ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi, ga shi an ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, wannan ba namu ba ne tukuna. X-Plane yana da na gwaji kyauta, kuma in ka sauke shi yana aiki ba tare da jan taswira kullum ba. FlightGear kuwa kyauta ne gaba ɗaya tun 1997, ba ya buƙatar kati mai tsada. Hotonsa bai kai na Microsoft ba, amma agogunan nan shida na gaban matuƙi duk suna nan, kuma su ne karatun.

Wani abin da yara ba sa so su ji: irin wannan manhaja tana dogara da furosesa da ram kusan kamar yadda take dogara da kati. Ka saka kati mai tsada a kwamfuta mai ram giga 4, kamar ka ɗaura wa jaki sirdin dokin sarki ne. Gara ka rage kuɗin kati ka kai ram giga 16, ka sa SSD, ka sayi sandar tuƙi ko da mai araha ce. Mai koyon sauka da madannan kibiya ba abin da hannunsa yake koya.

In an tashi saye kuma, a Beirut Road ne ko Farm Centre ko ta hannun wani a Legas, a yi hattara. Tun da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗin intanet a Satumban 2022, tsofaffin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. RX 580 mai giga 8 yana cikinsu. Yana da araha, yana aiki, amma wat 185 yake ci kuma zafi gare shi. Akwai ma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda a ƙarfi kusan RX 570 ne. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa fiye da kima, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Kar ka biya sai an saka katin a gabanka, an buɗe GPU-Z ka ga sunansa da girman ma'ajiyarsa sun dace da abin da aka faɗa, an bar shi yana aiki mai nauyi na kamar minti ashirin, fankokinsa suna juyawa, ba layi-layi a allo. Ka nemi a rubuta maka sharaɗin dawowa a rasit. In ka kai gida, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka riƙa busa mata ƙura lokacin hunturu, sannan a zafin Afrilu ka bari sai da safe ko da dare.

Na san wani zai ce ina rage wa yaro buri. Ni kuwa gani nake ina kare masa shi. Awannin da ya yi a kwamfutar gida ba wanda zai ƙirga masa su a lasisi. Hanyar tana bi ne ta sakamako mai kyau a lissafi da fizis da Turanci, da gwajin lafiya, da makarantar da kuɗinta miliyoyi ne. Ko matasa 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan koyon tuƙi a wa'adin Kwankwaso na biyu, da yawansu bayan sun dawo sai da suka yi zaman jiran ƙarin horo kan takamaiman irin jirgi kafin aiki ya samu. Tafiya ce mai nisa, kuma gidan da ya rasa saniyar huɗa a damina ba zai iya raka yaro ko rabinta ba.

Abin da nake roƙo ga shugabannin ƙananan hukumominmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai shi ne, a saka irin wannan kwamfuta ko da biyu ce, da sola da sandar tuƙi, a makarantu irin Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa da manyan sakandarorin Bichi da Dambatta. Abin da mahaifi ɗaya ba zai iya ba, makaranta za ta iya wa yara ɗari.

Mu dai ga yadda muka rabu. Akwai tsohuwar kwamfutar ofis a shagona, zan ƙara mata ram, yaya zai sayar da tunkiya ɗaya da ɗan wake a nemo ƙaramin kati da sanda. Yaron ya ɓata rai da farko, ya ce, "Baffa, ai hoton ba zai yi kyau ba." Na ce masa ranar da ya tashi daga Kano ya sauka Zariya sau goma a jere ba tare da ya fasa jirgin ba, kuma ya kawo min sakamakon jarrabawarsa, ya dawo mu yi maganar kati na gaba. Jiya da magariba ya turo min saƙo yana tambayar yadda ake karanta taswirar filin jirgi.

Allah ya cika wa yaranmu burinsu na alheri, ya ba iyaye ikon ɗaukar nauyinsu.