Me Ya Sa Ake Gasa Inji?



A hutun da ya wuce na je gida Talata Mafara, na tarar da injin ban-ruwan kawuna yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai kamar ruwa. Shinkafarsa na wajen Bakura, ga rani ya kankama. Duk mai noma a ƙasan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a yankin Maradun, ya san cewa idan ruwan hanya bai isa gonarka ba, kuma injinka ya tsaya kwana uku, ka shiga uku.

Bakanike ya kwance injin, ya zura yatsa cikin silinda, wato ramin da fistan ke hawa da sauka, ya ce ta cinye. Ƙurar hunturu ce ta bi ta yagaggiyar filta, ta yi ta goge bangon ramin kamar yashi. Ringi ba sa rufewa, mai na hawa sama yana ƙonewa, ƙarfin inji na zurarewa.

Gyaran da aka fi sani shi ne abin da kanikawa ke kira borin: a faɗaɗa ramin kaɗan, a sa fistan da ya fi na da girma da milimita 0.25 ko 0.50. Amma kowane borin yana rage kaurin bango. Samarin da ke kai lafiyayyen babur a yi masa borin don ya ƙara gudu, da ma za su ji wannan.

Injin kawu ya wuce nan, don an taɓa yi masa borin har sau biyu. Sai silif, wani bututun baƙin ƙarfe da ake cusawa cikin ramin ya zama sabon bango. Abin da ya burge ni, silif ɗin ya ɗan fi ramin faɗi, da gangan. To ta yaya zai shiga? Mai aikin ya ɗumama gangar injin a kan gawayi, ya nutsa silif cikin ƙanƙara. Zafi ya buɗa ramin, sanyi ya tsuke silif, ya sulale ciki. Da suka huce suka kama juna gam. Wallahi darasin faɗaɗar ƙarfe ne da na haddace a ajin Fiziks, ban taɓa ganinsa da ido ba sai ranar.

Wannan dabarar ce masu gyaran motocin tsere a Amurka da Japan ke amfani da ita. Suna ƙara wa inji turbo, na'urar da ke danna iska mai yawa cikin silinda, fashewar mai ta ƙara ƙarfi, har bangon alminiyam ya tsage. Sai su sa silif mai kauri. Shi ya sa suke son injin 2JZ na Toyota Supra, don gangarsa ta baƙin ƙarfe ce tun daga masana'anta. Masu tseren mita 400 har cika hanyoyin ruwan sanyaya inji suke yi da wani abu mai kama da siminti, don bango ya samu majingina. Tserensu na 'yan daƙiƙoƙi ne. Ka yi haka a hanyar Gusau, injin zai tafasa.

Kafin a haɗa injin kawu, an karce cikin silif ɗin da siraran layuka a gicciye, don su riƙe mai. Bakanike ya ce kada a matsa masa a kwanakin farko, a canza mai da wuri, a sayi sabuwar filta. Kawu ya so ya yi ciniki a kan filtar, na biya da kuɗin motata ta komawa makaranta.