Haƙuri Ba Ya Maye Gurbin Barci: Ƙonewar Himma Tsakanin Ɗaliban Aikin Jinya a Garwa

Duk wanda ya san Garwa a watannin Maris da Afrilu ya san cewa zafi yakan haura digiri 40, kuma dare ba ya kawo sauƙin a zo a gani. A irin wannan yanayi ne ɗalibar aikin jinya take kwana tsaye a ɗakin majinyata, ta fito da safe idanu jawur, ta hau babur zuwa aji, ta zauna a gaban malami yana zuba darasi da Faransanci. Idan gyangyaɗi ya ɗauke ta, sai a ce raguwa ce. Idan ta koka, sai a ce yaran zamani ba su da haƙuri. Wannan hukunci zalunci ne, kuma yana ɓoye wata cuta da tsarin karatun kansa yake haifarwa.

Abin da ke damun irin wannan ɗaliba yana da suna a fagen ilimi. Masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya bayyana shi a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta na birnin New York suke dusashewa. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'auninsa, suka kasa shi gida uku: ƙarewar kuzari, da bushewar zuciya ga mutanen da ake yi wa hidima, da jin cewa mutum bai iya komai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a kundinta a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Ɗalibin Hausa zai lura cewa kalmar "gajiya" ba ta ɗauke wannan ma'ana ba, domin gajiya barci ke kashe ta. "Gundura" ta ɗauki ɓangare guda, "mutuwar zuciya" kuma tana ɗauke da zargi. Shi ya sa "ƙonewar himma" ta fi dacewa: himmar tana nan tun farko, wuta ce ta cinye ta. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wa ya hura wutar?

Mai hura wuta na farko shi ne nauyin da ake ɗora wa ɗalibi. Karatun babban ma'aikacin jinya mai takardar shaidar gwamnati a Kamaru shekara uku ne, ana haɗa aji da koyon aiki a asibiti. Wannan tsari ba shi da aibi a kan takarda. Aibin yana fitowa ne inda ma'aikata suka yi ƙaranci, kamar yadda suka yi a yankunan arewacin ƙasar, domin a nan ɗalibin da ya zo koyo yakan koma mai cike gurbi ba tare da albashi ba. Da damina zazzabin cizon sauro yakan cika ɗakin yara, da rani kuma yankin yana cikin zirin ƙasashen da sanƙarau ke addaba. Ga kwalara, wadda ta yi mummunar ɓarna a arewacin Kamaru a 2010. Yarinyar da ba ta wuce shekara ashirin ba takan ga mutuwar jariri a karon farko, ba wanda zai zaunar da ita ya tambaye ta yadda ta ji, sai dai a ce ta shirya gadon domin wani majinyacin. In ta koma gida da niyyar bita, ga wutar lantarki ta ɗauke, musamman a lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda arewa ta daɗe tana dogaro da ita.

Na biyu shi ne harshe, kuma nan ne ya kamata masu nazarin Hausa su buɗe kunne. Ana koyar da darasi da Faransanci, ana rubuta jarrabawa da shi, ana cika takardun majinyata da shi. Amma tsohuwar da aka kawo daga ƙauye Fillanci take ji, ɗan kasuwar da ke gado na gaba Hausa yake yi, wani kuma ya zo da harshen Fali ko Tupuri ko Mundang. Likitan da aka turo daga Yawunde ko Duwala sau da yawa ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Wa ake kira? Ɗaliba. Ita za ta juya kalaman likita zuwa harshen da ba a taɓa koya mata sunayen cututtuka da shi ba, ita za ta nemo lafazin da za a gaya wa uwa cewa ɗanta ba zai tashi ba. Tafinta sana'a ce mai zaman kanta, tana cin ƙwaƙwalwa, tana cin zuciya. Duk da haka ba ta cikin manhaja, ba a ba ta maki, ba a ko ƙirga ta cikin aikin yini. Ɗalibin da ya zo daga kudu kuwa nasa tashin hankalin daban ne: yana tsaye a gaban mai ciwo, ba ya fahimtar kukansa.

Na uku shi ne hanyar da ta kawo ɗalibi makarantar. Wani bincike da Tsi Njim da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, wanda aka yi kan ɗaliban aikin jinya a yankuna biyu na Kamaru masu amfani da Ingilishi, ya gano cewa nadamar zaɓen wannan fanni da kuma yadda ɗalibi ke ji game da sakamakon jarrabawarsa suna da alaƙa da ƙonewar himma. Darasin ya shafi arewa kai tsaye. Inda aikin yi ya yi wuya, iyaye sukan tura 'ya'yansu jarrabawar shiga makarantun kiwon lafiya domin suna ganin nan ne abinci yake. Akan sayar da sa ko buhunan masara a biya kuɗin makaranta. Ɗalibin da ya san an yi masa wannan sadaukarwa ba shi da bakin cewa ya gaji, balle ya ce ya yi kuskuren zaɓi. Sai ya haɗiye, abin yana cin sa a ciki.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba a raina ta. Sukan ce aikin jinya aikin juriya ne, wanda bai saba da wahala a makaranta ba zai gudu ranar da annoba ta ɓarke. Sukan ƙara da cewa su ma haka suka sha. Gaskiya ne majinyaci yana buƙatar mai jurewa. Sai dai horo daban, gallazawa daban. Maƙeri yana sa ƙarfe a wuta, amma ya san lokacin fito da shi, in ba haka ba ya narke. Hujjar "mu ma haka muka sha" kuwa ita ce take tona asirin kanta. Jama'a sun daɗe suna kuka da ma'aikacin jinya mai tsawa, wanda ke kallon mai naƙuda kamar kayan da aka ajiye. Wannan bushewar zuciya ita ce kashi na biyu na ma'aunin Maslach. Ba da ita aka haife shi ba, a makaranta ya fara koyon ta, ranar da ya gane cewa rufe zuciya ne kaɗai zai kai shi safiya.

Hausawa sun ce haƙuri maganin zaman duniya, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma haƙuri ado ne ga wanda ya zaɓe shi. Idan mai iko ya mayar da shi murfin rufe bakin na ƙasa, ya tashi daga sunansa. Su dai Hausawan ne suka ce tura takan kai bango.

Asarar ba ta ɗalibi kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9 a duniya, kuma Kamaru tana cikin ƙasashe 55 da hukumar ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Yankin da ke karɓar 'yan gudun hijira, kamar na sansanin Minawao da aka buɗe a 2013, ba shi da rarar ma'aikaci ko ɗaya da zai ƙone tun kafin ya karɓi takardar shaida.

Gyaran bai gagara ba. A hana haɗa aikin dare da darasin safe. A ƙayyade awannin koyon aiki, a sa wa kowane rukuni mai kula da shi na gaskiya. A shigar da Fillanci da Hausa na asibiti cikin manhaja, a ba su maki kamar kowane darasi. Ga Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, masana harshe da masana lafiya suna iya zama su tsara kalmomin. A samar da wanda ɗalibi zai kai wa kuka ba tare da tsoron a rage masa maki ba. Rigakafi ya fi magani, kuma abin kunya ne a ce makarantun da ke koyar da wannan karin magana su ne suka kasa aiki da ita a kan 'ya'yansu.