GYARA KAYANKA: Ɗaurin Sarƙar Keken Tsere

 

Kwanakin baya, da la'asar sakaliya, muna tsaye a bakin titin Kuduku nan Kilomita Biyar, sai muka ga wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya kife da kekensa a tsakiyar hanya. Ba mota ce ta buge shi ba, ba kuma rami ya faɗa ba. Da muka ɗaga keken sai muka tarar sarƙa ta zame daga haƙoranta, ta cusa tsakanin ƙafar baya da ƙarfen keke, ƙafar ta cije nan take. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya ga ƙujewar gwiwa da tafin hannu, domin mai babur da ke bayansa ya yi saurin kaucewa. Mahaifinsa ya rantse sai ya sayar da keken. Muka ce masa: Alhaji, laifin ba na keke ba ne, na ɗaurin sarƙa ne, kuma gyaransa bai fi aikin minti goma ba.

Keken nan siriri ne, irin na gwanjo da ke shigo mana daga Duwala ta hanyar Garuwa-Bulai, wanda samari ke kira fiksi, da Faransanci kuwa pignon fixe. Ya sha bamban da Phoenix na iyayenmu. A keken da muka saba, in mutum ya daina tuƙa feda, ƙafa takan ci gaba da juyawa ita kaɗai, ya huta a gangara. A wannan kuwa, ƙaramin faranti mai haƙora an murɗa shi ne a jikin cibiyar ƙafar baya, aka kulle shi da wani zobe mai murɗin hagu. Saboda haka muddin ƙafa na juyawa, feda ma tana juyawa, ko mahayi ya so ko ya ƙi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Keken Rover da John Kemp Starley ya ƙera a Kobantiri ta Ingila a 1885, wanda shi ne kakan kekunan yau, haka yake. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 faranti mai sakin feda ya yaɗu, kuma masu shirya tseren Tour de France ba su buɗe wa dukkan mahaya damar amfani da na'urar canza giya ba sai a 1937. A yau gidan fiksi na ainihi shi ne filin tsere mai kewaye da bango a karkace, irin wanda aka gina a Abuja domin wasannin Afirka na 2003. A can doka ce keke ya zama mai giya ɗaya kafaffiya, ba kuma a sa masa birki, domin kowa hanya ɗaya yake bi, babu mota, babu akuya, babu mai tura amalanke.

To, a nan ne maganar take. A keken da ba shi da birki, sarƙa ce ke tafiyar da shi, ita ce kuma ke tsayar da shi, domin mahayi yana rage gudu ne ta hanyar danne feda baya da ƙarfin ƙafarsa. In sarƙa ta yi sako-sako, da zarar an faɗa gargada sai ta tsallake haƙora. Ko dai ta faɗi gefe, a bar yaro a kan keken da ba abin da zai tsayar da shi, ko kuma ta maƙale ta cije ƙafa kamar yadda muka gani. Jin haka sai wasu su ce, to a ja ta tamau kamar tsarkiyar baka. Wannan ma kuskure ne. Sarƙar da aka matse fiye da kima tana cin boris na cibiyar ƙafa da na feda, tana cin haƙora, tuƙi ya yi nauyi, ka riƙa jin ƙara kamar ana niƙan tsakuwa. Wancan yana karya ƙashi, wannan yana karya aljihu.

Ga yadda ake samun daidai. Kayan aikin su ne safana mai lamba 15, da tsumma, da ɗan haƙuri. A kifa keken a kan sirdi da kansa. Da farko a juya feda a hankali da hannu, ana taɓa sarƙa da bakin safana a tsakiya, wato rabin tazarar da ke tsakanin babban faranti da ƙarami. Za a lura cewa a wani wuri ta yi tauri, a wani wurin ta saki. Dalili shi ne da wuya a sami faranti da ya zauna daidai a tsakiyarsa ba tare da ɗan karkata ba. Wurin da ya fi tauri shi ne wurin awo. Wanda ya yi awo a wurin da ta saki, ya matse a nan, to in feda ta zagayo wuri mai tauri sarƙa za ta ɗaure tamau. Mafi yawan ɓarnar da muke gani daga nan take.

A tsayar da feda a wurin nan, a sassauta notin ƙafa na dama da na hagu. Ramin da sandar ƙafa ke zama a ciki dogo ne, an yi shi a kwance domin ƙafa ta iya matsawa gaba ko baya. A ja ƙafar baya kaɗan, a ɗan ɗaure noti ɗaya, a tura taya gefe har ta zauna a tsakiyar ƙarafa biyun, sannan a ɗaure ɗayan. In keken yana da 'yan ƙarafan jan sarƙa masu ƙananan noti a baya, aikin ya fi sauƙi: a murɗa su daidai wa daida, hagu da dama. Ma'auni shi ne, in aka danna sarƙa sama da ƙasa a tsakiya, ta motsa kamar santimita 1, wato kusan faɗin ƙaramin yatsa. Daga nan a ɗaure notin biyu da ƙarfi sosai, a sake awo, domin sau da yawa ɗaurin ƙarshe yakan ja ƙafa. A juya feda a saki: in ƙafa ta yi ta juyawa shiru ba tare da tsayawa a wuri ɗaya ba, kuma ba a iya ture sarƙa daga haƙora ta gefe, aiki ya yi.

Akwai gargaɗin da muke roƙon iyaye mata musamman su riƙe. Kada a bar kowa ya kai yatsa ko tsumma kusa da sarƙar fiksi tana juyawa. Nauyin ƙafa ba ya barin ta tsaya, yatsan da ya shiga tsakanin sarƙa da haƙora kuwa yakan guntule. In ana gyara a tsakar gida, a janye ƙananan yara. Mai hawa da doguwar riga ko wando mai faɗi ya tattare su, igiyar takalmi ma a cusa ta ciki.

Sarƙa tana tsufa. Jan ƙurar rani da taɓon damina na garin nan, in suka haɗu da mai, sai su zama kamar dutsen wasa, su cinye ƙusoshinta har ta ƙara tsawo. Tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne, don haka a sabuwar sarƙa tazara 24 tana ba da santimita 30.5. In awo ya haura haka da milimita 3, ba ɗauri take so ba, canji take so, tun kafin ta cinye faranti. A wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta a kowace gaɓa, a goge saura da tsumma. Baƙin man inji da aka zubar ba ya da amfani a nan, datti yake ƙarawa.

A ƙarshe, titin Boganda da lungunan kasuwarmu ba filin tsere ba ne. Duk uban da ɗansa ke hawan irin wannan keke, ya kai shi wurin mai gyara a sa masa birkin gaba, ko da yaron zai ce an ɓata masa kwalliya. Kuma sau ɗaya a mako, ya sa ɗan ya danna sarƙa a gabansa. Maƙwabcinmu bai sayar da keken ba. Yanzu yaron ne ke duba wa abokansa nasu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.