Darasin da na koyo a wani gidan abinci na birnin Napoli

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Na taɓa zuwa birnin Napoli na ƙasar Italiya domin halartar wani taron masana harsuna a jami'ar L'Orientale, wadda aka aza harsashinta tun 1732, kuma ake nazarin Hausa a cikinta. Sai dai darasin da ya fi tsaya mini a rai a wannan tafiya, a wani ɗan ƙaramin gidan abinci na cikin unguwa na same shi, irin wanda mutanen ƙasar ke kira trattoria.

Wani abokin aiki ne ɗan garin ya kai ni bayan magariba. Teburan gidan ba su wuce goma ba. Wata dattijuwa ce ke girki, ɗanta kuma yana kai wa jama'a, yana kiran yawancinsu da sunayensu. Da na shaida masa cewa ni Musulmi ne, ba na cin naman alade, ba na shan giya, sai ya nuna mini abin da ya dace da ni ba tare da wani ɓata fuska ba. Aka fara da soyayyen gauta irin nasu, aka kawo taliya da miyar tumatir, daga bisani gasasshen kifi ya biyo baya. Kusan awa biyu muka yi, babu wanda ya hanzarta mu.

Abin da ya ja hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne takardar jerin abincin. Babu kalmar Ingilishi ko ɗaya a cikinta. In ka tambaya, za a yi maka bayanin abin da aka haɗa da yadda aka dafa, amma sunan yana nan yadda yake. Kuma sunayen nan ba wasu na alfarma ba ne. Ma'anar spaghetti ita ce 'yan zarurruka, vermicelli 'yan tsutsotsi, orecchiette 'yan kunnuwa, farfalle kuwa malam-buɗe-littafi. Da me suka fi ɗanwake ko wasa-wasa? Duk da haka, yau daga Tokyo har Abuja mutane na lanƙwasa harsunansu domin furta su.

Wannan matsayi yana da tarihi. Lokacin da Italiya ta zama dunƙulalliyar ƙasa a 1861, masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na jama'arta ke iya magana da daidaitaccen Italiyanci, sauran kowa da karin harshen yankinsa. A 1891 wani attajiri mai suna Pellegrino Artusi ya wallafa littafin girke-girke cikin harshe mai sauƙi, littafin ya shiga gidaje, ya taimaka wajen yaɗa daidaitaccen harshen ta hanyar madafa. Ita kanta pizza abincin talakawan Napoli ce, amma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa ta cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su.

To, mai karatu, mu dawo gida. Shiga manyan gidajen abinci na Kano ko Kaduna ko Abuja ka karɓi takardar jerin abinci. Sau da yawa za ka tarar an cusa tuwo ƙarƙashin wata kalmar Ingilishi mai nufin abin haɗiya, an mayar da masa wainar Turawa, miyar kuka kuma an yi mata laƙabi da sunan bishiyarta a Turance. Burabusko da dashishi da tubani da alkubus kuwa ba kasafai ake ganinsu ba. Mu da ke koyarwa muna ganin sakamakon a aji: ɗalibi Bahaushe gaba da baya ya san sunan taliyar Italiya iri uku, amma ya kasa bambance funkaso da sinasir. Kalma takan mutu ne ranar da aka daina buƙatarta wajen saye da sayarwa, kuma idan sunan abinci ya ɓace, sanin yadda ake sarrafa shi ba ya daɗewa a bayansa.

Wani zai ce ai Italiya ƙasa ce mai arziki, shi ya sa ake rububin abincinta. Amsa ita ce, waɗanda suka kai wannan abinci Amurka matalauta ne 'yan ci-rani, su fiye da miliyan 4 tsakanin 1880 da 1924, an kuma raina su matuƙa, amma ba su sake wa abincinsu suna ba. Muna ma da misali a gida. Mai tsire na bakin titi bai taɓa fassara sana'arsa ga kowa ba, ga shi a farkon 2025 an ba da sanarwar shigar kalmar suya cikin babban ƙamus na Oxford. Abin da mai tukuba ya cim ma da tsayuwa a kan harshensa, mu masu digiri mun kasa.

Saboda haka ina kira ga masu gidajen abinci da su rubuta sunayen abincinmu da ingantacciyar Hausa, da ƙugiyoyinta, in ya so a ƙara layi guda na bayani domin baƙo. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'inmu su tura ɗalibai wurin iyayenmu mata su tattaro kalmomin girki tun masu su na raye. Mu kuma iyaye, ranar da muka ɗauki iyali zuwa cin abinci a waje, mu riƙa tunawa da mai tuwon unguwa, mu bar yaro ya nemi abin da yake so da sunansa na asali. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon gyarawa.